Babban Yatsan Yayata

Yayata tela ce. Shekara ashirin da biyu tana taka keke a shago guda mai taga ɗaya, bayan tashar mota. Da babban yatsanta na dama take danne kalmasa, har fatar wurin ta yi kanta. Da wannan yatsa na yi karatu na zama malamar firamare, ita kuwa a aji biyu ta tsaya, don mahaifiyarmu ta rasu ta bar mata mu huɗu. Kuma da wannan yatsa aka ɗaure mata miji.

Mijin direba ne a wani kamfani. Kwalaye suka ɓace a sito, aka kama shi, aka kira Yaya ofishin 'yan sanda ta ba da bayani. Ta ce ranar ya dawo da la'asar, ya ci abinci, ya kwanta da ciwon kai. Iyakar maganarta ke nan. Wani kofur ya cika shafi biyu da Turanci, ya kama hannunta kamar na jaririya, ya dangwala a tawada, ya danna. Sai bayan wata takwas, da lauya ya samo kwafi, muka ji abin da ke layi na bakwai: wai ta ga mijinta ya shigo gida da kwalaye. Ƙarya tsagwaronta! Har yau in na tuna, rabin haushin kaina nake ji, don a ranar ina aji ina koya wa 'ya'yan mutane sunayen launuka.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ce in koya mata Turanci kafin ranar da za a kira ta shaida. Ni kuma, da wautata, na kwaso mata littafin 'yan aji ɗaya. Ta buɗe, ta ga hoton ƙwallo da kyanwa, ta wurgo min shi.

"Ke Malama, kyanwa ce za ta fito min da shi? Kalmomin da aka ɗaure shi da su nake so."

To, haka muka fara. Kullum in na tashi daga makaranta sai in biya shagon. Ta ɗauki allin yanka ta rubuta kalma a kan ƙyalle, ta soke shi da fil a jikin labule: tuhuma, rantsuwa, shaida, beli, tsarewa, mai gabatar da ƙara. Tana taka keke tana maimaitawa, in kalma ta ƙi zama sai keken ya sha wuya. Da ta ji Turanci ya ware wa ɓarawon gida sunansa, na hanya nasa, mai karɓar kayan sata ma nasa, sai ta riƙe haɓa.

"Wallahi mutanen nan sun san sata, Malama."

Masu kawo ɗinki suka sa mata suna Lauya. Ba ta kula su ba. Wata biyar tana haka, har ta iya karanta shafi biyun nan da kanta, tana bin layi da yatsan da ya jawo mata. Kalma ɗaya ce na ƙi koya mata, wato kalmar ɗage shari'a. Na tsane ta, kuma na ga ba sai ta sani ba.

Ranar zama, kotun ta cika, fanka ɗaya ke juyawa. Ga tafinta nan, mutumin da lauya zai yi magana mai tsawon zani, shi ya ba ka ƙyalle. Yaya ta shiga akwatin shaida. Mai gabatar da ƙara ya karanta bayanin, tafinta ya buɗe baki, ta riga shi. Da Turanci, kalma bayan kalma, ta ce layi na bakwai ba maganarta ba ce, ba a karanta mata ba, hannunta aka kama. Ta ɗaga yatsan sama.

Alƙali ya ɗago kai ya dube ta, ya yi rubutu mai tsawo. Mijin yana tsaye a nasa akwatin, ya rame kamar tsinke, bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga alƙali na rubutu, sai ya fara murmushi. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce sai an nemo kofur, kuma an yi masa canjin wurin aiki. Shekara guda da wata ɗaya mutum na tsare, sai yau suka tuna ba su san inda kofur ɗinsu yake ba!

Alƙali ya rufe fayil ya yi magana. A da, Yaya da mijin tare suke jiran tafinta, su sami ɗan lokacin sa rai kafin ya yanke musu. Wannan karon na ga kafaɗun Yaya sun sauka tun alƙali bai rufe baki ba. Ashe kalmar da na ɓoye mata ta daɗe da tsintar ta a bencin kotu, don ita aka fi faɗa a ɗakin.

Mijin bai dubi tafinta ba, ita ya duba, yana murmushi har yanzu.

"Uwar yara, me ya ce? Gida?"

Yaya ta ɗaga hannu ta nuna masa yatsu huɗu, wata huɗu ke nan aka ɗage shari'ar. Babban ta naɗe shi cikin tafi.