Motar Baba a Cikin Motar Shanu

Mahaifina ɗan kasuwar atamfa ne a Garwa, kamar yadda ubansa ya yi, kuma duk abin da ya sani game da duniya a rumfar atamfa ya koye shi. Babban iliminsa shi ne, kaya mai kyau ba a taɓa shi. A ninke shi, a sa a ƙasan akwati, a yi masa turare, a rufe. A gidanmu akwai turamen da suka girme ni, har yau almakashi bai gan su ba. To mai wannan aƙida ne Allah ya hore wa sabuwar mota fil, da ledarta a kujeru, da garantin shekara uku.

Motar da dalilinta. Umma 'yar Marwa ce, a unguwar Dugoi aka haife ta, kuma yayarta ce ta rene ta bayan rasuwar iyayensu. Mu muna ce mata Inna Babba, Umma kuma tana ce mata Adda, irin na Fulani. Ranar da Baba ya je neman aure a kan keke, da ƙunshin atamfa a baya, an ce Inna Babba ta leƙo ta tambaya ko a kansa za a ɗauki amarya. Wasa ta yi, ta ma manta. Baba kuwa ya riƙe abin a ransa har gemunsa ya yi fari, ya rantse sai ya kai Umma ƙofar gidan nan a motar kansa.

Da can Umma kan hau bas duk shekara ta je ta ga yayarta. Ranar da mota ta shigo gida aka soke wannan.

"Matar mai mota ba ta shiga bas," in ji Baba. "Ki yi haƙuri, ni zan kai ki."

Sai ya gina wa motar rumfa, ya lulluɓe ta da tampol. Kullum da safe yana yaye tampol ɗin ya goge ta, ran Juma'a ya sa mata turaren wuta a ciki. Kunnawa ce dai ba ya yi, don a ganinsa duk kunnawa ɗaya tana rage wa inji kwana. Tafiya Marwa kuwa kullum tana nan tafe. In damina ce, a bari ruwa ya ɗauke. In ruwa ya ɗauke, hanyar Figil ta yi ramuka, a bari a gyara. In bazara ce, kwalta ta yi zafi, za ta ci taya.

Ana cikin haka idon Inna Babba ya fara yana. Nakan ji ta a waya tana ce wa Umma, "Ki zo in gan ki tun ina gani." Mun gwada kiran da ake ganin juna, ta ce ita inuwa kawai take gani a cikin gilashi. Umma takan ajiye waya ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba. Ni ce babbar 'yarsu, kuma ni ce marar haƙurin gidan. Na yi wa Baba magana har sai da ya ce in bar masa gida in koma ɗakin mijina. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ganin uwata tana ramewa saboda ƙarfen da ko tari bai taɓa yi ba.

Da labari ya zo cewa idon hagu ya tafi gaba ɗaya, Umma ta fito da mayafinta da jakarta ta tsaya a tsakar gida. Baba ya dube ta, ya dubi rumfa, ya ce gobe in Allah ya kai mu.

Washegari maƙwabta suka fito kallo. Aka aro batir, don nata ya daɗe da mutuwa. Motar ta yi gurnani, ta kama, unguwa ta ɗauki kabbara. Muka shiga, Baba a sitiyari, ni a gefensa, Umma a baya a kan leda. Ba mu kai bakin kwalta ba muka ji ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta tsaya cak a gaban mai shayi.

Makanike ya zo ya buɗe gaba. Ɓeraye sun yi gida a ciki har da jikoki, sun cinye wayoyi da robar ruwa, baƙin mai kuma ya daskare kamar maɗi.

"Alhaji, inji ya buga," in ji shi. "Yaushe rabonka da vidanj?"

"Mene ne vidanj?"

"Juyen baƙin mai."

"Man da ban taɓa ba zan juye?"

Makanike ya dube ni, na kau da kai.

Baba bai damu ba ko kaɗan, ai akwai garanti. Ya sa babbar riga, ya ɗauke ni tafinta don ba ya jin Faransanci, muka tafi kamfanin da ya sayar masa. Wani mutum mai naktaye ya karɓe mu da fara'a, ya duba kwamfuta, ya ce garanti ya ƙare tun kafin Sallar da ta wuce.

"Ki ce masa ban ci ko kaɗan daga ciki ba," in ji Baba.

Na faɗa. Mutumin ya ce garanti lokaci ne, ko an hau ko ba a hau ba yana tafiya.

"Tafiya ina? Yana ƙarƙashin tampol! Ki tambaye shi, turmin atamfa in ba a yanka ba, ya tsufa?"

Na fassara wannan ma, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na nuna hoton kilomitar motar a wayata, mutumin ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ɗaya ya tambaya ko a kai muke ɗaukar ta. Baba ya ga suna murmushi ya ɗauka yabo ne, ya ƙara da cewa ko ledar kujeru ba a cire ba, su karɓi abarsu su ba shi wata, haka ake yi a kasuwa tsakanin mutanen kirki. Amsar da muka samu ita ce sabon inji sai an yi odarsa daga waje, ya sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, sannan ya iso mu, watakila bayan damina.

Da muka dawo na ce wa Umma ta tashi in kai ta tasha, kowa ya ce abin da zai ce. Ta girgiza kai. Shekara da shekaru ba ta taɓa tsallake maganar mijinta ba, kuma ba za ta fara ranar da ta ga ya dawo kafaɗa a sake ba. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanda ya fi.

Maƙwabcinmu, wani dillalin shanu, shi ya kawo mafita, kuma da gaske yake.

"Alhaji, kamiyona, babbar motar nan tawa, ya sauke shanu a Ngawundere, zai wuce Marwa wayam. Rantsuwa ka yi za ka kai ta a motarka. Ka ce motar ce za ta yi tafiyar da ƙafarta?"

Baba ya shafa gemu, sannan ya ce lallai bai faɗi haka ba.

A kara, kasuwar shanu, aka yi lodin, a kan tudun da ake kora shanu su hau. Mahauta da 'yan kamasho suka tura motar Baba suna yi mata irin tsawar da suke wa bijimi mai gardama, aka ɗaure ta da igiyoyin shanu. Muka hau muka zauna a cikinta yadda muka zauna da farko. Baba ya ɗaura bel, ya kama sitiyari da hannu biyu. Duk kwanar da kamiyo ya sha sai ya karkata da jikinsa, in an doshi rami ya taka birki. Warin kashin shanu ya cinye turaren Juma'a tas. A wani shinge jandarma ya hau ya leƙo, ya daɗe yana kallonmu, sannan ya nemi lasin Baba. Baba ya miƙa da alfahari. Jandarman ya duba, ya mayar, ya ce a rage gudu.

Umma ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Da dutsen Mindif ya bayyana can nesa ta hannun dama, sai ta fara gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta tambaye ni ko kwallin idonta ya zauna.

A karar Marwa aka sauke mu. Wani a-kori-kura ya ja mu zuwa bakin Dugoi, a nan Baba ya sa aka kwance igiya, don kada a gan shi ana ja. Mazan unguwa suka tura mu sauran layin, shi kuma yana ta danna hon.

Inna Babba tana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, an sa mata sabon zane.

"Wace irin mota ce wannan, ga hon ba inji?" ta ce. "Kuma wa ya shigo da shanu?"

Umma ta fita ta durƙusa a gabanta. "Adda, ni ce."

Inna Babba ta juyo da fuskarta, amma ta ɗan kauce, wajen da nake tsaye take kallo. Idanun biyu sun yi fari fat. Ta miƙa hannu tana lalube a iska har Umma ta kama shi ta ɗora a kumatunta. Yatsun suka bi goshi, suka bi hanci, suka tsaya a gefen baki.

"Kin rame," ta ce. "Da azumi ina rarrabe fuska, kin sani. Na yi ta zama a nan ina duban layi."

Ni dai kuka nake, ban ɓoye ba. Baba ya fito daga mota ya zo ya tsuguna ya gaishe ta, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Adda, ga motar na kawo."

"To kai ni in sa mata albarka."

Ya kama hannunta, ta miƙe da ƙyar, ya ɗora shi a kan murfin injin. Ta shafa, ta zura hannu ta taga ta taɓa ledar kujera, ledar ta yi ƙara.

"Sabuwa ce kuwa," ta ce. "Ka iya ajiya, Alhaji."

Umma ta matso ta cire hannun yayarta daga jikin motar, ta mayar da shi kan fuskarta.