Bokiti Biyu na Kumba

A bayan unguwarmu, inda gidajen Lafia ke ƙarewa gonakin doya su fara, akwai wani rafi da ko suna ba shi da shi. Cikin yashinsa ake samun kumba, wata halitta mai ɓawo biyu da ke binne kanta ta bar ɗan baki a waje tana tace ruwa. Mu ba ma cin naman. Ɓawon ne abin nema, da shi mata ke kankare ƙanzon tukunya. Innata ta fi shekara arba'in ba ta sa cokali a gindin tukunyarta ba.

Da gine-gine suka yi yawa, sai masu tifa suka gano yashin. Sun fara haƙa daga wajen gada, kowace shekara suna ƙara haurowa. Inda suka wuce sai rami da laka. Kumba ta yi wuya, har Inna ta koma lallaɓa tsofaffin ɓawonta guda uku.

Ina koyarwa a firamare lokacin. Wata Talata wata malama mai bincike daga makarantar aikin gona ta Shabu ta sauka daga mashin a ƙofar gidanmu, an ce mata ni na san rafin. Ta yi mini bayani a tsaye. Kumba ba ta tafiya, 'ya'yanta ne ke maƙalewa a jikin kifi ya kai su gaba kaɗan. Saboda haka ta kowane rafi tana iya zama da jininta daban, kamar dangi da suka daɗe ba su yi auratayya da kowa ba.

"In mun gwada muka ga naku daban ne," in ji ta, "zan rubuta ripot a hana tifa shiga wannan gefe. In duk iri ɗaya ne da na sauran wurare, ba wanda zai saurare ni."

Muka sa ranar Asabar.

Ranar Juma'a da safe na shiga ruwan ina lalube da ƙafa. Awa biyu, ban taka ko ɗaya ba. Kunya ta kama ni. Baƙuwa za ta taso takanas da kayan aikinta, a ce ta koma hannu rabbana, kuma ni ne wanda aka ce ya san rafi? A gidanmu ko kaza ɗaya ta rage, baƙo ake yanka wa. Bayan an sauko daga masallaci na ɗaure bokitai biyu a mashin na nufi Doma, inda surukaina ke da rafi mai kumba kamar tsakuwa. Kafin la'asar ta yi sanyi na dawo da bokitan cike da kumba, na zuba su a rafinmu, na bi ina dannawa cikin yashi don kada su yi kama da baƙi. Har daɗi na ji da dabarata.

Asabar aiki ya tafi sumul. Ta tono talatin, ta ɗan yanki tsoka ƙanƙanuwa daga kowace ta sa a kwalba, ta mayar da su ruwa da ransu. Na kawo wa Inna wani ɓawo da na tsinta a bakin rafin. Ta juya shi sau ɗaya ta ajiye.

"Wannan ba namu ba ne. Namu baƙi ne, ya fi kauri. A ina ka samo shi?"

Na ce ruwa ne ya kawo. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Bayan wata huɗu malamar ta dawo. Tifa ta riga ta iso daidai inda muka tsaya ran nan.

"Malam, rizal ɗin gwajin ya fito. Kumba naku da na Doma abu ɗaya ne, ba bambanci. Ba abin da zan rubuta."

A nan na gaya mata. Ban yi kwana-kwana ba, na ce bokiti biyu ne, daga rafin surukaina, ni na kawo da hannuna. Na zaci za ta yi faɗa, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta zauna a kan dakali ta buɗe littafinta, ta daɗe tana duba shafi guda.

"Cikin talatin ɗin," ta ce, "guda biyu sun fito daban. Ba su yi kama da ko ɗaya da na taɓa gwadawa ba. Da na ga ashirin da takwas sun tafi hanya ɗaya, sai na ɗauka kuskure aka yi a lab wajen gwajin biyun nan. Na cire su, na zubar da kwalaben."

Na tambaye ta ko za mu koma mu sake nema.

"A ina?" ta ce.

Muka taka zuwa bakin rafin tare. Ramin ya fi tsayin mutum, maza huɗu na ciki da shebur suna lodi.