Katin da Ba Shi da Ƙura

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓata a unguwa, kowa Kunne yake ce masa, domin mutum ne da zai saurari waƙa ya gaya maka a bayan mawaƙin akwai fanka a kunne. Ɗan ɗakin ɗaukar murya gare shi a saman wani shagon teloli, bango duk ya liƙe shi da soson katifa. A nan yake naɗar wasan kwaikwayo na wani gidan rediyo, kuma wannan aikin ne ke riƙe da gidansa.

Shi da ɗan baffansa, Dogo, suka kafa wurin, suka raba aiki tun ranar farko. Duk abin da ake gani a allo na Kunne ne, duk abin da ake kwancewa da sukudireba na Dogo ne. Kunne bai taɓa buɗe cikin kwamfutar ba, har alfahari yake da haka. In an tambaye shi sai ya ce, "Me zan leƙa? Ɗan'uwana na nan."

Wata safiya ya kunna kwamfuta, ta taso lafiya, sai da ta zo loda direban sauti, wato 'yar manhajar da ke sada ta da katin sauti, na'urar da ke cikinta mai ɗaukar murya, ta ƙame ƙam. Ba gaba, ba baya. Ya kashe ya kunna, ta sake tsayawa a wuri guda kamar jakin da ya ga ruwa.

Kunne ya zage damtse. Ya hana direban tashi da kansa, kwamfutar ta buɗe, amma bebiya. Ya loda shi da hannu, ta sake sanƙarewa. Ya koma tsohon direba, ya sauko da sabo, ya canja saituna har idonsa ya yi ja. 'Yan wasa suka zo suka zauna a kan benci suna hamma, suka watse. Gidan rediyo ya fara kira, murya na ƙara sanyi, daga baya aka ce masa in mako ya fita babu shiri, za su nemi wani.

Duk wannan wahalar Dogo na gefensa, yana girgiza kai, yana sayo masa ruwan sanyi.

"Yaya, matsalar daga ɓangarenka take. Ni na duba nawa, katin garau yake. Ka sake gwadawa."

Shi kuwa bawan Allah ya yarda, har haƙuri yake ba Dogo don ya ɓata masa lokaci.

Ranar da gidan rediyon ya sallame shi, Dogo bai shigo ba. Takaici ya sa Kunne ya sauka ƙasa ya ari sukudireban da tela ke gyaran keke da shi, ya kwance murfin kwamfutar. Ciki duk ƙura, fanka ta yi gemu, wayoyi sun yi furfura. Katin sauti kaɗai ke sheƙi, ko ɗigon ƙura babu. Launinsa ɗaya da wanda suka saya tun farko, amma da ya zaro shi sai ya ji mara nauyi, irin na bogi da ake zubawa a tire ana talla. Direban yana ta kiran katin da ya sani, katin kuwa ba ya gidan.

Ya zauna a ƙasa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da rashin aikin ma bai yi masa ba. Ya kira Dogo, aka daɗe kafin a ɗauka. Ta cikin wayar ya jiyo muryoyin 'yan wasansa suna maimaita layi, a ɗakin da ba nasa ba.

"Dogo, ina katina?"

Dogo ya ce, "Yaya, ni ma ina so in tsaya da ƙafata. Na buɗe wurina ne. Dama zan faɗa maka."

"Kana zaune kana kallona ina fama, kana miƙo min ruwa? Ba ka ji tsoron in gane ba?"

"Gaskiya ban ji ba, Yaya," in ji Dogo, a hankali. "Na san ba za ka taɓa buɗewa ba."