Inabin Malam Bukar

Daga Nguru

Na fita daga gida ana kiran assalatu, da buzuna da butata da wani kwando wanda babu komai a cikinsa sai tsumma. Kwandon nan shi ne dalilin tafiyar. Yayata Falmata, wadda ta goye ni bayan rasuwar uwarmu, tana kwance tun kaka, abinci ba ya zama a cikinta. Duk abin da aka kawo sai ta kau da kai, ta ce ita kunu take so mai tsamin inabin gidanta na Fagge. Mijinta, marigayi Malam Bukar, ya yi aikin ban ruwa a lambun wani Balaraben Sham, a can ya samo reshe ya dasa a tsakar gida, ya yi masa rumfa. Da ya rasu ta gama takaba ta dawo wurina, ba ta ƙara taka Kano ba.

Jirgi ya tashi gari na wayewa. Taragonmu cike yake da fataken banda, kafin Birniwa rigata ta gama zama kifi. A Malam Madori muka daɗe ana loda gyaɗa, na sayi fura ta taga. Wani dattijo da ke kusa da ni ya leƙa kwandona, ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya ɗauko iska daga Nguru zai kai Kano ba. Na gaya masa inabi zan ɗebo. Ya dube ni da kyau, ya ce shi dai a wurin tafsiri yake jin sunansa, a cikin kayan marmarin Aljanna. Na yi dariya, amma maganar ba ta yi mini daɗi ba, don na san halin da na baro Yaya a ciki.

Fagge

Mun shiga tashar Kano bayan la'asar, dalar gyaɗa tana tsaye kamar yadda na san ta. Na bi ta Kantin Kwari ana rufe ƙofofi, na tsallaka cikin Fagge da ƙafa. Gidan yanzu yana hannun Malam Modu, ƙanen marigayin, maɗinkin hula ne mai sanyin hali.

Da na shiga tsakar gida sai da na tsaya. Rumfar da na sani 'yar ƙarama ta rufe gidan gaba ɗaya, ta haye katanga ta leƙa makwabta, ganye shar, sanyi kamar gindin randa. Na yi hamdala, na ɗaga kai ina neman 'ya'ya. Na zagaya, na sake zagayawa, ban ga ko ƙwaya ɗaya ba.

Malam Modu ya ce tun rasuwar wansa ba ta ƙara haihuwa ba, shi a ganinsa ita ma takabar take yi. Safe da yamma yana ba ta ruwa, kowane reshe ya fito sai ya ɗaura masa gora. Na tambaye shi ko yana rage mata rassa.

"Haba Malam Kyari," in ji shi. "Abin da hannun Yaya Bukar ya dasa, ni ne zan sa masa wuƙa? Ko akuya ban bari ta taɓa ba."

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci don kada su ji nauyi, amma raina a ɓace yake ƙwarai. Na zo daga Nguru, ga itacen nan a kaina, kuma da kwando wofi zan koma. Ina wanke hannu matarsa ta yi magana daga bakin ɗaki, ta ce in nemi Iya Sabitiyu, Bayarabiyar da suka yi makwabtaka da Yaya, wadda ta koma Sabon Gari. Ta ce tana tuna duk shekarar da Malam Bukar ya zubar da rassa, Iya takan tsince su ta tafi da su, har ana yi mata tsiya wai itacen girki take tarawa.

Sabon Gari

Da hantsi na shiga Sabon Gari. Tituna a miƙe, garmaho yana kuka a wani shago, ƙanshin manja ko'ina. A kasuwa na tambayi masu sayar da tasoshi, wata ta raka ni har ƙofar gidan.

Iya Sabitiyu ta tsufa, amma bakin yana nan. Da ta gane ni ta tafa hannu, ta ce yaron Falmata ya yi furfura. Da na faɗa mata halin da ake ciki kuwa sai ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da gefen zane. Sannan ta ja ni bayan gida, kusa da wurin wanka.

Gaskiya inabinta ba shi da kyan gani. Kututture ne guntu duk tabon wuƙa, ganye tsilli-tsilli, inuwarsa ko kaza ba za ta isa ba. Amma ga 'ya'ya suna reto, kowane gungu ta naɗe shi da tsumma saboda tsuntsaye da jemagu. Ta ce yadda ta ga Malam Bukar yana yi haka take yi: in damina ta wuce a hana itaciyar ruwa, a zage ganyen, a yanke rassan har sai ka ce ta mutu, sannan a zuba taki a dawo da ruwa.

"In ka ji tausayinta, ganye za ta ba ka," in ji Iya. "Falmata kullum faɗa take da shi, wai ya kashe mata inuwa. In 'ya'ya suka fito kuma ita ce kan gaba da turmi."

Ta tsinko mini ɗanyu masu tsami, ta ce a daka a tace, a zuba bayan an sauke kunun, kada a tafasa da shi. Ta ƙara da 'yan kaɗan da suka nuna, da rassa uku a cikin jiƙaƙƙen buhu. Ta ce in gaya wa Falmata ta yafe mata, ita ma ta yafe, don ta san ba za su ƙara ganin juna ba.

Na biya ta Fagge yin sallama, na kwashe bayanin Iya na faɗa wa Malam Modu. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rumfar, ya ce to, Allah ya kai mu lokacin ɗari. Daga muryarsa na san ba zai yanka ba.

Komawa

Washegari na shiga jirgi da kwandon a kan cinyata. Bazara ta fara, taragon kamar tanda, kowace tasha sai na yayyafa wa buhun ruwan butata. Daga Ringim har Birniwa ba abin da nake yi sai addu'ar in same ta da rai.

Mun iso Nguru da magariba, na tarar tana numfashi. Matata ta dama kunun yadda Iya ta ce. Yaya ta sha ludayi biyu, ta rufe ido, ta ce shi ne. Ta tambayi rumfarta, na ce ta rufe gidan duka, inuwa har makwabta. Ta yi murmushi.

"To Modu ya ba ni inuwar da nake nema," in ji ta. "Bukar ne da gaskiya. Ban taɓa gaya masa ba."

Ba ta iya ƙara ludayi na uku ba. Kafin ruwan farko muka kai ta makwancinta.

Cikin rassan nan ɗaya ya kama, a bakin ɗakinta na dasa shi. Da ya yi ƙarfi lokacin yanka ya zo, na wasa wuƙa na tsaya a gabansa, sai hannuna ya ƙi. A ranar na daina ganin wautar Malam Modu. Na dai yi bisimilla na yanke, ruwa ya riƙa ɗiga daga wurin yankan, ni ma na kasa riƙe hawayena.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni a kan lokaci. Na gode wa Iya Sabitiyu da ta tsinci abin da aka zubar. Allah ya jiƙan Malam Bukar da Yaya Falmata. Bana inabin ya yi 'ya'ya, gungun farko na naɗe shi a kwandon nan na ba wani mafataucin banda ya kai wa Malam Modu.