Romon Ƙashin da Na Ba Ɗiyata

Komai tsufan da zan yi, ba zan manta ranar da ɗiyata ta yi wa likita ƙarya don ta rufa mini asiri ba.

Ni mahauci ne a Jega, gajere, ƙafafuna a lanƙwashe kamar na mahaifiyata. Ɗiyata tana shekara uku nata suka fara lanƙwashewa. Uwarta ta matsa sai da muka kai ta babban asibiti. Likita ya ce ciwon gado ne, a wurina ta ɗauko: ƙodarta tana zubar da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi ta fitsari. Ya rubuta wani ruwa mai tsami na ƙarin sinadarin, sau huɗu a rana, da ƙwayar bitamin.

Ruwan nan yana sa ta zawo, kuma kowane cokali sai an yi kokawa. Kukanta ya dame ni, girman kai ya ƙarasa sauran. Ni da na tashi ina fasa ƙashi, wa zai koya mini ƙashi? Na kwashe kwalaben na zubar. Kullum sai in dawo da ƙafar saniya, a dafa mata romo, in fasa mata ɓargo da hannuna.

"Malam, likita hwa ya ce kar a tsaida," in ji uwarta.

Na ce, "Mi ya sani ga ƙashi wanda ban sani ba?"

Shekara huɗu muna haka. Yarinyar ta yi kumatu, ina ta nuna wa mutane, na ƙi kallon ƙafafun. Sai ranar da muka je suna Aliero. Daga tasha zuwa gidan sunan ɗan taƙi ne, amma ta kasa. Ta zauna kan buhun albasa tana riƙe da gwiwa, ba ta ko yi kuka ba. Goya ta na yi.

Muka koma asibiti. Likita ya daɗe yana duban hoton ƙashinta, sannan ya tambaye ta ko tana shan maganin. Ta saci kallona, ta ce, "Ina sha. Baba na ba ni kullum."

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Na faɗi gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi romo ba ya toshe wannan yoyon na ƙoda, kuma shekarun da ƙashin zai miƙe cikin sauƙi mun ci rabinsu.

Yau ta girma, tana tafiya tana hutawa, ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Na koyi cewa son ɗanka ba ya mayar da kai likitansa. Ni na kasa jure kukanta na minti biyu, ita ke jure ciwon har yau.