Gyaran da Kawu Ya Yi wa Littafina

Ba zan ce Kawu ya cuce ni ba, tunda a gidanmu babba ba ya cuta, sai dai ya yi gyara. Abin ya faru ne a shekarar da na dawo Yerimaram da digirina, ina jiran aiki.

Littafin tsohon labarin Turawa ne na binciken kisan kai, wanda na saya a wajen mai baza littattafai a bakin tasha. An tsinci gawar wani attajiri a ɗakinsa, mutum takwas a gidan, kowa da abin da yake ɓoyewa. Burina ɗaya ne: in gano mai kisan da kaina kafin mai binciken ya faɗa. Tunda babu ofishin da ya nemi basirata tukuna, na ga gara in gwada ta a nan. Na ware littafin rubutu, kowane mutum da shafinsa, hujja da biro, shakka da fensir, ko da zan canza ra'ayi. Mako uku ina fama. Saura babi biyu.

Ranan sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon hedimasta wanda ya koma dillancin shanu. Ya ga littafin a kan tabarma, ya ɗauka ya juya shi.

"Ɗan boko, ara mini in ga ko Turancina yana nan."

Na yi niyyar cewa ban gama ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Kawu."

Bayan kwana huɗu na hau keke napep zuwa Ngojin, na same shi a ƙofar gida. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya miƙo mini littafin.

"Na karanta. Mutanen nan ba su da tarbiyya. Mutum ya rasu, kwana uku ba wanka ba sutura, sai shan shayi ake yi. Shi kuma gwanin binciken naka ya shigo gidan makoki, ko 'ya haƙuri' bai ce ba, sai 'ina kike da ƙarfe tara?'"

Na ce mai yiwuwa al'adarsu ce, kodayake ban tabbata ba.

"Al'ada! To, na dai gyara maka shi. Buɗe."

Na buɗe. A shafin farko, da kyakkyawan rubutun hedimasta, har da jan layi biyu a ƙasa: "Lauyan ne ya yi kisan. Sauran bakwai ba ruwansu. A kiyayi zato."

Na daɗe ina kallon layukan nan biyu. Sun miƙe sosai, da alama da rula aka ja su.

"Kawu, ai... wato, ina ganin daɗin littafin ke nan, mutum ya yi ta zargi har..."

"Daɗi? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. An zaunar da kai kana munana wa bayin Allah zato ɗaya bayan ɗaya, kana cewa daɗi. Ni da na ga inda aka dosa, sai na juya ƙarshe na duba, na dawo na karanta da zuciya ɗaya. Duk wanda ya ara bayanka ya tsira."

Na ce a iya fahimtata, wadda ba lallai ta zama daidai ba, mutanen nan babu su a duniya.

"Zuciyar da ka yi zaton da ita fa, ita ma babu ta? Faɗa mini, wa ka zarga?"

Na yi ƙasa da murya. "Mai dafa abincin."

"Tsohuwar nan mai ciwon ƙafa? Da wace hujja?"

"Ta yi jinkirin kawo shayi da safen."

"Mai ciwon ƙafa ta yi jinkiri! Allah ya sa ba alƙalanci ka karanta ba, da tuni an rataye ta."

Ban gaya masa shafi biyar na cika a kanta ba, duk da biro. Shafin lauyan kuwa fari fat yake, don na ɗauka mai ilimi ba zai yi haka ba.

Da na koma gida na karanta babi biyun, ina fatan Kawu ya yi kuskure. Bai yi ba. Ban yarda da hujjarsa ba, kuma ina jin zan iya kare matsayina a gaban masana, idan an ba ni lokaci na shirya. Amma da na rufe littafin na yi istigfari sau uku, don ba a sani ba. Tsohuwar nan dai ba ta taɓa yi mini komai ba.