Uba da Ɗa a Kan Tabarma

Ban yi boko ba. Bandar kifi nake yi a bakin kogin Haɗeja tun ina da haƙora. Ruwa ya ci gidana, na gina, ya sake ci. Ban iya tsoro ba.

Jikana shi ya iya. Ya gama jami'a, ya nemi wata makarantar likitanci a ƙasar waje, inda bayan allura da magani ake koya wa likita gyaran ƙashi da jijiya da hannu. Na ce, "Angona, ɗori za ka haye teku ka koyo? Ga mai ɗori nan bayan kasuwa."

Aka ce za su yi masa tambayoyi ta kwamfuta, suna ganinsa yana ganinsu. In bai burge su ba, shi ke nan. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, ta gargaɗe shi: mutanen nan sai ka kalli ƙwayar idonsu, ka kuma yabi kanka da bakinka. Abin da muka hana shi tun yana ƙarami ke nan.

Ya gwada da ni. Ya kafe ni da ido, yana zuba kamar rediyo. Na ce, "Wa ke jin kunyar kakarsa? Kira ubanka."

Ɗan fari ne. Ubansa ko sunansa ba ya kamawa. Na zaunar da su suna fuskantar juna. Uba ya kalli tabarma, ɗa ya kalli tabarma.

Na ce, "Tabarmar ce za ta tafi karatun?"

Uban ya yi gyaran murya. "Inna, a tambaye shi me ya sa yake son likitanci."

"Ga shi gabanka. Ni ba tafinta ba ce."

Yaron ya fara gunguni. Na ce ban ji ba. Ya ɗago.

"Baba, tun shekarar da ka kwaso buhunan shinkafa daga cikin ambaliya, a zaune kake salla. Ina gani. Kuma na san zan iya."

Suka haɗa ido. Uban ya miƙe da ƙyar, ya ce tsuntsaye na cin gona, ya fita. Gonar da aka riga aka girbe.

Makarantar ta ɗauke shi. Ya ce Turawan sun fi ubansa sauƙin kallo.